Sharhi: Tubalin da Aka Gina Rake da Saniya da Ɗan Adam

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Ikara da Maƙarfi da Kudan. Manoman rake, masu lambun tumatir, da iyayenmu mata da ke bakin murhu, sannunku da aiki.

Yau za mu tattauna a kan wani ilimi da ake ɗauka na 'yan makaranta ne kawai. Shi ne ilimin sinadaran da ke cikin abubuwa masu rai. Ana koyar da shi a sakandare, a darasin kemistiri da bayoloji. Yara kan haddace shi don jarrabawa, su fito su manta. Ni kuwa a ganina ilimin manomi ne, na mai girki ne, na mai shirin aure ne.

Ga maganar a dunƙule, ku riƙe ta. Duk abin da Allah ya halitta mai rai, da 'yan tubala kaɗan aka gina shi. Rake da saniya da mutum, tubalinsu ɗaya ne. Yadda aka jera tubalin ne ya bambanta. Magini ya san haka. Da tubali iri ɗaya yake gina rumbu, ya gina zaure, ya ja katanga. Tubali ɗaya, jeri daban.

To, bari mu fara daga tushe. Mene ne wannan tubali?

Kowane abu, in aka yi ta rarraba shi, za a kai ga wata ƙwaya da ido ba ya gani. Ita ce ƙwayar zarra. Zarra takan ƙullu da 'yan'uwanta, su zama abu guda. Wannan ƙulli shi masana ke kira molekul. A jikin mai rai, akwai zarra ɗaya da kusan kowane babban ƙulli ke dogara da ita. Sunanta kabon.

Kun san kabon, ko da ba ku san sunansa ba. Ice in ya ƙone ya zama gawayi. Tuwo in ya kama tukunya sosai, ƙanzonsa ya yi baƙi. Tsire in ya daɗe a wuta, haka. Sukari fari fat, in ka zuba shi a kasko ka manta, baƙi ƙirin zai koma. Ice da tuwo da nama da sukari ba su yi kama ba. Amma wuta ta kore ruwan da ke cikinsu, ta bar baƙin abu ɗaya. Wannan baƙin, kabon ne. A jikin mutum ma, kusan kashi 18 cikin 100 na nauyinsa kabon ne.

Me ya sa kabon? Saboda zarrarsa na iya riƙe wasu huɗu a lokaci ɗaya. Kuma tana riƙe 'yar'uwarta kabon da ƙarfi. Don haka takan yi dogon jeri, ta yi rassa, ta yi zobe. Sai haidirojin da oksijin da naitirojin su maƙala a jikinta. Daga waɗannan huɗu aka gina mafi yawan jikinmu.

Masana sun kasa manyan ƙullin nan gida huɗu. Dangin sukari da sitaci. Dangin mai da kitse. Dangin furotin. Sai kuma mai ɗauke da gado, wanda ake kira DNA. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma ba za mu bar ƙasarmu ba.

Mu fara da sukari. Mu nufi fadamun Maƙarfi.

Duk wanda ya taɓa ganin kasuwar rake ta Maƙarfi ya san albarkar da ke wurin. Manyan motoci na lodi zuwa sassan ƙasar nan. To, ina zaƙin raken ya fito? Wani zai ce daga ƙasa. Ƙasa na ba da ruwa da gishirin abinci, gaskiya ne. Amma kabon ɗin da ke cikin zaƙin, daga iska ya zo.

Ga yadda abin yake. Ganyen rake na shaƙar wata iska mai kabon, irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi. Saiwa na jawo ruwa daga fadama. Koren da ke cikin ganye ya kama hasken rana. Da ƙarfin hasken nan ganye ke haɗa iska da ruwa, ya ƙulla sukarin farko. Sunansa gulukos. Zarrar kabon 6 ce a cikinsa. Kuma a kan hanya ganyen ya saki oksijin da muke shaƙa.

Daga nan rake ya ɗauki gulukos, ya haɗa shi da ɗan'uwansa furuktos, wanda ya yi yawa a zuma da inabin Kudan. Biyun in sun ƙullu, sun zama sukuros. Shi rake ke tarawa a gaɓoɓinsa. Shi ne sukarin shayi. Shi ne kuma mazarƙwaila.

Masu yin mazarƙwaila sun san wata ƙa'ida. Rake in an sare shi, ba a barinsa ya daɗe a yashe. Ruwansa in an matse, ba a barinsa ya kwana. Me ya sa? Domin da zarar an sare, ƙullin nan na biyu ya fara kwancewa. Ƙananan halittu kuma su faɗa wa ruwan, su mai da zaƙi tsami. In haka ta faru, a dafa har a gaji, mazarƙwailar ba za ta daskare da kyau ba. A da doki ke juya injin matsa, yau injin mai ne. Amma ƙa'idar ba ta canza ba: a sare, a matse, a dafa da wuri.

Launin ja-ja da ƙamshin mazarƙwaila fa? Zafin wuta ne ke sauya wani ɓangare na sukarin. Wani kuma ya haɗu da ɗan furotin da ke cikin ruwan. Wani masanin Faransa, Maillard, ya bayyana wannan haɗuwa a 1912. Ita ce ke ba gasasshiyar masara ƙamshi, ta ba bayan burodi launi.

Yanzu ku saurara da kyau, ga inda abin mamakin yake.

In shuka ta jera gulukos ɗari-ɗari, dubu-dubu, ta wata fuska, sai ya zama sitaci. Shi ne ke cikin masara da dawa da gero da dankali. In ta jera gulukos ɗin nan dai ta wata fuskar, sai ya zama selulos. Shi ne ƙarfin kara. Shi ne tuƙar raken da muke tofarwa. Shi ne audugar rigar da ke jikinka. Tuwo da kara da auduga, duk gulukos ne. Tubali ɗaya, jeri daban.

To, me ya hana mu cin kara mu ƙoshi? Jikinmu na da wasu ma'aikata masu kwance ƙulli, ana kiransu enzayim. Kowanne da irin ƙullin da ya iya kwancewa. Muna da mai kwance sitaci, har a cikin yawunmu. Shi ya sa in ka daɗe kana tauna ɗanyen gero za ka ji ɗan zaƙi-zaƙi. Amma mai kwance selulos, ba mu da shi.

Saniya ma ba ta da shi da kanta. Sai dai tumbinta cike yake da ƙananan halittu masu wannan aiki. Ta ci kara da ciyawa, ta yi tuƙa, su kuma su kwance mata ƙullin. Daga nan ta mai da shi nono da nama. Kun ga ke nan, karan da ake ƙonawa a gona bayan girbi abinci ne ake mai da shi hayaƙi.

Iyayenmu mata masu kunun zaƙi ma da enzayim suke aiki. Ana zuba garin busasshen dankalin Hausa, ko hatsin da aka bari ya tsiro. Kunun ya sassauta, ya yi zaƙi ba a sa sukari ba. Enzayim ne ya yanyanka sitaci ya mai da shi sukari.

A nan akwai gargaɗi ga masu ciwon suga. Wasu kan bar sukarin shayi, su ce sun tsira, alhali suna cika kwano da tuwo da shinkafa. Sitacin nan in ya shiga ciki, gulukos zai koma. Wasu kuma kan ce mazarƙwaila ta gargajiya ce, ba ta da illa. 'Yan'uwa, sukuros ne a cikinta, irin na farin sukari. Mai ciwon suga ya tambayi likita yawan abin da zai ci, ya ƙara ganye da wake a kwanonsa.

Wannan gida na farko ke nan. Mu shiga na biyu, gidan mai da kitse.

Shi ma kabon ne da haidirojin da ɗan oksijin. Amma jerinsa dogo ne, kuma ba ya shiri da ruwa. Aikinsa ajiya. Cokali ɗaya na mai ya ninka sitaci mai nauyi daidai da shi ƙarfi fiye da sau biyu. Shi ya sa gyaɗa ke tara wa ɗan tsironta mai, har kusan rabin nauyinta.

Kun lura man shanu da kitse na daskarewa, man gyaɗa kuwa na zama ruwa? Jerin kabon na kitse miƙaƙƙe ne, yana kwanciya jikin juna ya matse. Na man gyaɗa yana da lanƙwasa, ba ya matsuwa. Bambancin ke nan. Kuma likitoci na shawartar a rage mai daskarewa, a fi dogara da mai ruwa, don lafiyar zuciya da hanyoyin jini.

Kada a ce mai abokin gaba ne. Kowace ƙwayar halitta a jikinmu, da siririn bangon mai aka kewaye ta. Kuma akwai abubuwan amfani da ba sa narkewa sai a cikin mai.

Mu ɗauki tumatir, abin alfaharin Ikara. Saboda yawansa a yankin nan aka gina kamfanin sarrafa tumatir a Ikara tun 1981. Jan launin tumatir wani ƙulli ne mai kabon 40, sunansa laikofin. Ba ya narkewa a ruwa. In an dafa tumatir da ɗan mai, jiki ya fi samunsa. Ashe mai soya kayan miya kafin ta tsai da ruwa, aikin ilimi take yi.

Haka yajin attaruhu da barkono. Wani ƙulli ne mai son mai, ba ya son ruwa. Shi ya sa in yaji ya kama ka, ruwa ba ya kashe shi. Kurɓi nono ko kindirmo ka ji bambanci.

Mafi muhimmanci shi ne bitamin A, mai kare ido da ƙarfafa jikin yaro. Jiki na samar da shi daga launin da ke cikin manja da karas da mangwaro da ganyen zogale. Shi ma sai da mai yake shiga jiki sosai. Don haka kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan mai haɗi ne mai hikima. Uwa, in kin dafa wa yaro ganye, ɗiga masa mai ko kaɗan ne.

Jama'a, mu juya ga gida na uku. A nan nake so mu ɗan daɗe. Gidan furotin.

Sitaci da mai ƙarfi suke bayarwa. Furotin shi ne ginin jiki. Tsoka furotin ce. Gashi da farce furotin ne. Enzayim ɗin da muka ambata furotin ne. Insulin da mai ciwon suga ke buƙata furotin ne. Kuma furotin na da abin da sitaci da mai ba su da shi. Naitirojin.

Manomi ya san naitirojin. Masarar da ta rasa shi, ganyenta na ƙasa ya yi rawaya, ta tsumbure. Sai a nemo buhun yuriya. To, wannan yuriya na da tarihi.

A da, masana da yawa sun ɗauka sinadaran jikin mai rai ba sa samuwa sai a jikin mai rai. Yuriya kuwa a fitsari aka san ta. A 1828 wani Bajamushe, Friedrich Wöhler, ya haɗa ta a ɗakin gwaji daga wasu gishirai. Bai halicci rai ba. Rai na Allah ne. Abin da ya nuna shi ne, sinadaran jikin mai rai suna bin ƙa'idar da sauran sinadarai ke bi. Ana iya nazarinsu, ana iya fahimtarsu. Daga nan wannan fanni ya buɗe. Yau ana yin yuriya a ƙasar nan, a kamfanin Dangote da ke Lekki da na Indorama kusa da Fatakwal.

Lambar 46 da ke jikin buhun na nufin kashi 46 cikin 100 naitirojin ne. Amma ga abin lura. In aka watsa yuriya a saman ƙasa aka bar ta a rana, wani enzayim da ke ƙasar zai mai da ita iska mai wari. Wani kaso ya tashi sama, kuɗinka ya bi shi. Shi ya sa malaman gona ke cewa a tona a binne, ƙasa na da danshi. Taki ya yi tsadar da ba za a ciyar da iska da shi ba.

Akwai kuma takin da ba a saya. Iskar da muke shaƙa, mafi yawanta naitirojin ce, amma masara ba ta iya ɗaukarsa daga iska. Wake da gyaɗa da waken suya suna da mataimaka. Tuge waken suya ka dubi saiwarsa, za ka ga ƙananan ƙululai. A ciki akwai ƙananan halittu masu kamo naitirojin daga iska su ba shuka. Fasa ƙululu ɗaya mai aiki, za ka ga cikinsa ja-ja. Jan nan wani furotin ne, ɗan'uwan wanda ya sa jininmu ja. Tsarki ya tabbata ga Mahalicci. Wannan ne dalilin da gonar da aka yi wake ko waken suya bara take karɓar masara bana.

To, yaya ake gina furotin? Da wasu ƙananan ƙulli da ake kira amino asid. Iri 20 ne. Da su aka jera kowane furotin, na wake da na kaza da na mutum. Tubali ɗaya, jeri daban. Jikinmu na iya haɗa wasu da kansa. Amma 9 daga ciki dole sai daga abinci. In ɗaya ya yi ƙaranci, ginin ya tsaya, ko da sauran sun yi yawa.

Ga inda maganar ta shafi 'ya'yanmu. Masara na da furotin, amma ta gaza a amino asid biyu, laisin da tiriftofan. Dawa da gero ma laisin ɗinsu kaɗan ne. Wake kuwa na da laisin da yawa, amma ya gaza a wani wanda hatsi ke da shi. In an haɗa hatsi da wake, kowa ya cike giɓin ɗan'uwansa.

Dubi abincinmu na gado. Koko da ƙosai. Shinkafa da wake. Fura da nono. Kunun gyaɗa. Tuwo da miya mai daddawa. Kusan ko'ina hatsi na tare da abokin cika shi. Matsalar na zuwa ne in aka raba su. A yaye yaro, a ɗora shi a kan kokon masara zalla, safe da rana da dare. Cikinsa ya cika, jikinsa bai samu abin gini ba. A shekarun 1930 wata likita, Cicely Williams, ta bayyana cutar da hakan ke jawowa a ƙasar da yanzu ake kira Ghana, a jikin yaran da aka yaye da kunun masara. Ƙafa ta kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, yaro ya daina walwala. Mu ma mun san tamowa a garuruwanmu.

Abin da ke min ciwo shi ne, maganin na cikin rumbunmu. Muna noma waken suya a Ikara da Paki da Hunƙuyi, mu ɗure a buhu, mu sayar duka. Kaji a gidajen gona su ci furotin, ɗan manomi ya sha koko zalla. Don Allah a ware wa gida mudu kaɗan. A soya, a niƙa da hatsi da gyaɗa, a dama wa yaro. A yi awara. In kaza ta yi ƙwai, a ba yaro ɗaya kafin a kai kasuwa.

Masana ma sun yi nasu ƙoƙarin. An samar da masara mai ƙarin laisin da tiriftofan. An fitar da ita a Ghana a 1992 da sunan Obatanpa. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fitar da ita a nan da sunan SAMMAZ 14. Manomi na iya tambayar malamin gona irin wannan iri.

Kafin mu shiga gida na huɗu, bari in yi wani gargaɗi. Ba duk abin da mai rai ya ƙulla ne alheri ba.

Masara ko gyaɗar da aka adana da danshi takan yi fumfuna. Wata fumfunar na ƙulla guba mai suna afulatoksin. An gano ta ne bayan 1960, lokacin da talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila, sun ci abincin da aka haɗa da gurɓatacciyar gyaɗa. Gubar nan na lalata hanta a hankali, har ta kai ga ciwon daji. Tana hana yara girma. Dahuwa ba ta kashe ta. In an ba saniya, tana iya fitowa a nononta. Don haka a busar da amfani sosai, a kan tamfal, ba a kan ƙasa ba. A tsince wanda ya ɓaci a zubar. Kada a ce a yi ƙuli-ƙuli da shi, kada a ba dabba. Cibiyar IITA da ke Ibadan ta samar da wani magani mai suna Aflasafe, da ake watsawa a gona don rage wannan guba.

Yanzu gida na huɗu, kuma shi ne mafi nauyi. Wa ke gaya wa jiki yadda zai jera amino asid? DNA ne.

DNA dogon zare ne da ke naɗe cikin ƙwayoyin halittarmu. Da ƙananan ƙulli iri huɗu kacal aka jera shi. Jerinsu shi ne umarnin gina kowane furotin. Rabi daga uwa, rabi daga uba. A 1953 aka gano siffarsa a Ingila, ta aikin Watson da Crick, bisa hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin. Rake na da DNA. Saniya na da shi. Da ƙulli huɗun nan dai.

Idan kuna son ganin ƙarfin jeri, ku dubi cutar sikila, wato amosanin jini. A cikin jininmu akwai furotin mai ɗaukar oksijin, himogulobin. Ɗaya daga zarensa na da amino asid 146. A mai sikila, guda ɗaya tak ya canza, na shida a jeri. Wani masani, Vernon Ingram, shi ya gano haka a shekarun 1950. Guda ɗaya cikin 146. Amma saboda shi, furotin ɗin kan manne da juna in oksijin ya yi ƙasa. Ƙwayar jini ta lanƙwashe, ta toshe ƙananan hanyoyi. Sai ciwon ƙashi mai tsanani, da ƙarancin jini, da kwana a asibiti. Duk gidan da ke da mai sikila ya san wannan dare.

Ba maita ba ce. Ba aljanu ba ne. Ba laifin uwa ba ne ita kaɗai. Gado ne daga ɓangare biyu. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya na ɗauke da rabin gadon, wato AS, kuma lafiyarsa lau. Har ma yana da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Amma in AS ya auri AS, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato sikila. Ku lura, kowane ciki. Ba wai in an haifi ɗaya mai sikila sauran ukun sun tsira ba.

Gwajin jinotayif, mai nuna ko mutum na ɗauke da wannan gado, ba ya ɗaukar lokaci. Maƙwabciyarmu jihar Kano ta sa dokar gwaji kafin aure a 2024. Amma ba sai doka ta tilasta mana ba. Kuma lokacin gwaji ba ranar da aka kai lefe ba ne. Tun kafin magana ta yi nisa ne, tun zukata ba su ƙullu ba. Masu sikila da ke cikinmu kuwa, 'ya'yanmu ne. Haƙƙinsu ne a kula da su, a kai su asibiti da wuri, a ba su ruwa isasshe da gidan sauro, a daina yi musu gori.

Na san wani dattijo zai ce, kakanninmu ba su san kabon ba, kuma sun rayu. Gaskiya ne, Baba. Sun gano abubuwa da yawa ta gwaji da lura. Su suka haɗa hatsi da wake. Su suka rufe kalwa ta zama daddawa. Su suka san a sauya shuka a gona. Amma sun binne yara da yawa ba su san dalili ba. Kuma zamaninsu ba buhun yuriya, ba lemon kwalba, ba sayar da amfani duka a rana ɗaya. Wanda ya san dalili, shi ke iya riƙe al'ada mai kyau in zamani ya canza. Shi ke iya barin marar kyau ba tare da fargaba ba.

Mu taƙaita. Sukari da kara, gulukos ne, jeri ya raba su. Kitse da man gyaɗa, lanƙwasa ta raba su. Lafiyayyen jini da na sikila, amino asid ɗaya ya raba su. Abu ƙanƙane da ido ba ya gani shi ke yanke hukunci a gona, a tukunya, da ɗakin haihuwa.

Kalmata ta ƙarshe gare ku, masu sauraro. Manomi, binne takinka, busar da amfaninka, ka bar wa gida wake. Uwa, kada kokon yaro ya tafi shi kaɗai, haɗa masa gyaɗa ko waken suya da ɗan mai. Samari da 'yan mata, ku san jinotayif ɗinku tun yau. Limamai da masu unguwanni, ku taya mu faɗa, maganarku ta fi tamu shiga.

Ku kuma ɗalibanmu, maza da mata, kada ku ji tsoron kemistiri. Jami'ar Ahmadu Bello na nan Zariya, kusa da ku. Cibiyar binciken sinadarai na nan Basawa. Makarantar kiwon lafiya ta Shehu Idris na nan Maƙarfi. Muna buƙatar 'ya'yan manoman rake da za su inganta mazarƙwaila. Muna buƙatar waɗanda za su hana tumatirinmu ruɓewa, su auna mana hatsi, su yi mana gwajin jini a garinmu. Iyaye, ku ba su dama, ku ƙarfafa musu gwiwa.

Allah ya sa albarka a gonakinmu. Allah ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.